Ramar Ɗan Farina

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Malama Sa'adiya ta ajinmu na manya ta ce kowace mace ta riƙa rubuta abin da ta wuni da shi, don kada hannu ya manta abin da ya koya da furfura. Ni abin da nake wuni da shi ba na rubutawa ba ne. Amma na riga na sayi littafin ga, kuma babu mai buɗe shi, don duk gidan ga sun ɗauka har yau ban iya haɗa baƙi uku ba.

Yaron ga ya cika ɗakin zaure da bokitai.

Ba ni rubuta sunanai, ɗan fari ne. Tun da anka yaye shi anka kai shi ɗakin kakatai Goggo Tani, uwar marigayi maigidana, ban taɓa kiran sunan ga ba, ban taɓa zama hira da shi ba, ban taɓa taka ɗakinai ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Shi ma Adda yake ce mani, awa ƙannena. In ina son ya ci abinci, sai in ce wa bango tuwo na hucewa.

Da ya dawo Wurno daga karatun aikin gona a Sakkwato, mun zaci zai sauka fadama ya kama albasar ubanai. Sai ga bututai, da wata fitila mai ja ba ja ba shuɗi ba shuɗi ba, da ɗan famfo mai kuka awa sauro. Wai noman ruwa, ba ƙasa ko tafi ɗaya. Humaira ƙanwatai ita ke kai mai abinci, ita ke kawo mani labari. Ta ce saiwoyin na reto cikin ruwa farare awa taliya. Na ce mi anka shuka? Ta ce ya ce rama ta.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Na bi ta zaure zan je barka. Shekara hamsin ina cin rama. Rama ba ta wannan wari.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Goggo ta shiga ta gani. Ita tana shiga, ai ɗan ɗakinta ne. Ta fito tana ta sa albarka.

Ta ce mani, "Ke, kin ga ikon Allah? Ramar Turawa ta. Ganyen siri-siri, awa yatsun amarya. In ta isa sai na yi kwaɗo da ita."

Goggo idonta na da yana, hancinta kuwa ya mutu tun wata mura da ta yi shekarar ambaliya. Ko albasa ta ruɓe a gabanta ba ta ji.

Na ce, "Goggo, ramar da ba ta san ƙasa ba, ai ba a gaggawar cinta."

Ta ce, "Hassada dai kike, don taku ta garka duk tsutsa."

Kaina na sara tun safe.

Jumma'a, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Mairama maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta zauna har inuwa ta juya. Ɗanta Isa direba ne a hukumar nan mai kamun masu shaye-shaye, a Sakkwato, saboda haka labari na riga kowa zuwa gidansu.

Ta ce an kama Khalid na Rabah. Khalid abokin yaron ga ne, tare sunka yi makaranta, ya sha cin tuwona. Wai an iske a bayan ɗakinai abin nan da 'yan tasha ke naɗewa a takarda, tsaye, kore shar. Ta ce irin wanga kamu shekaru ake yi, ba watanni ba. Ta ce uwar Khalid ta faɗi a ƙofar gida.

Na ce, "Allah shi shirya mamu zuri'a."

Ta ce, "Amin. Wai mi ke kuka haka a zaurenku dare da rana?"

Na ce injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Ban san inda na samo wannan ba. Ta ce in an ƙyanƙyashe a aje mata biyu.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Rama ce. Ya ce rama ce. Ɗan marigayi ba ya ƙarya.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da azahar

Alhamdu lillahi. Zafin ga na bana da kowa ke kuka da shi, ni ya yi mani rana. Akwatin da ke raba wutar sola ya ƙone, har da hayaƙi. Famfo ya yi shiru, fitila ta mutu. Humaira ta ce ruwan bokitai ya yi ɗumi awa na wankan jego, ganyen duk sun sunkuya.

Na yi nafila raka'a biyu. Na yi fura na aika wa Mairama, na ce a faɗa mata ƙwan sun lalace.

Shi kuwa yana ta kai da kawo a tsakar gida yana buga waya. Ya rame. Na ce wa bango akwai sauran fura a ƙwarya.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Na yi murna da wuri.

Ya tsaya bakin rijiya ya ce wa Humaira, da ƙarfi yadda zan ji, gyaran akwatin ya fi ƙarfinai, zai bar noman ruwa ya koma ƙasa. Wai ta ce wa Adda ta taimaka mai da ƙasar garkarta, da tsoffin tukwanen da ke bayan madafa.

Ina zaune nan, tsakanina da shi bai kai tabarma biyu ba. Humaira ta juyo ta ce, "Inna, wai Yaya ya ce."

Na ce, "Na ji abin da anka ce."

Yaya zan hana? In na hana sai na faɗi dalili. In na faɗi dalili sai na kira sunan abin. In na kira sunan abin, to akwai shi a gidan ga ke nan.

Sai dabara ta zo mani. Akwai wani lungu bayan akurki, shekara ashirin ko ciyawa ba ta taɓa fita nan ba. Na ɗauki fartanya na ɗebo mai ƙasar wurin, kwando uku, na kai har bakin zaure da kaina. Humaira ta ce ya ji daɗi, wai bai san Adda na goyon bayanai haka ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan azahar

An dasa. Tukwane na jere cikin ɗaki, an buɗe taga don rana. Da ruwa ne, bututu ne, kayan 'yan boko, ba ruwana. Yanzu tukwanen aurena ne, da ƙasar da na haƙo da hannuna.

Jira nake su mutu.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Ba su mutu ba. Humaira ta ce sun miƙe, har sun fi yadda suke cikin ruwa, kuma ya ce a yi mani godiya, bai taɓa ganin ƙasa mai kyau haka ba.

Na ce ƙasar da ko ciyawa ba ta fita?

Ta ce, "Inna, ciyawa na hita. Kaji ka cinye ta. Kuma shekara ashirin nan suke kashi."

Na sani. Wallahi na sani, ni ce ke kwasar takin ga ina kaiwa garka. Amma ranar nan kaina ba ya jikina.

Warin ya kai har rijiya. Na kunna turaren wuta a zaure, na shanya daddawa a ƙofar gida, na soya albasa ba don miya ba.

Asabar ɗin dai, da yamma

Yana wanke babur a tsakar gida. Na je wurin akuya da dusa, na ce mata, "Ke akuyar ga, ki ji da kyau. Wanda duk ya shuka abin da ba a ci, ba a kai shi kasuwa da rana, to ya shuka wa uwatai hawan jini."

Akuya ta ci dusarta.

Sai na ji ya ce, bai ɗago kai ba, "Akuya, ki hwaɗa ma masu gida bincike na, na ilimi. A wasu ƙasashe magani aka yi da shi."

Na ce, "Akuya, tambayi mai binciken, Khalid a wace ƙasa yake kwana yanzu?"

Ya bar babur da kumfa ya shige ɗaki. Humaira na kan keken ɗinki tana dariya har zare ya tsinke. Ta ce in mun gama ta kai akuyar ajin manya, tunda ita ke riƙe da gidan.

Wanga shi ne zance mafi tsawo da munka taɓa yi ni da shi.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Na je kasuwar Goronyo wurin yayana Maccido. Kawu shi ke da bakin yi wa yaro faɗa. Na iske shi cikin buhunan albasa yana rigima da mutanen Kagara a kan awo. Na ja shi gefe.

Na ce, "Yaya, yaron ga ya aje wani abu a ɗaki."

Ya ce, "Mace?"

Na ce a'a, shuka.

Ya ce, "To madalla, ba abin da anka tura shi koyo ke nan ba?"

Na ce shukar ga ba a son maƙwabta su gani. Ya dube ni, ya aje mudun da ke hannunai. Ya ce zai zo Talata. Ya sa ni mota tun rana na sama, don hanyarmu yanzu ba a bin ta da yamma.

Litinin, 21 ga Afrilu, da azahar

Yaron ga ya bar ƙofa buɗe don iska, ya tafi masallaci. Igiyar akuya ta kwance. Ban ce ni na kwance ta ba. Na dai ga ta kwance, na kuma ga akuyar ta nufi zaure, ni kuwa ina tsintar shinkafa.

Akuyar ga ta ci mani zane, ta ci sabulu, ta taɓa cin allon Humaira. Ta shiga, ta daɗe. Ta fito da hulatai ta Jumma'a a baki. Humaira ta leƙa ta ce ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba.

Dabba ma ta san abin da ba rama ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Yaya Maccido ya zo. Ya gaida Goggo, ya shiga ɗakin zaure da sallama. Na dama mai fura da nono mai kyau. Ban gama damu ba ya fito, takalmi a hannu.

Ya ce mani a hankali, "Ban zo ba. Ban ga komi ba. Ina da mata biyu da ɗiya goma sha ɗaya."

Na ce, "Yaya, ka yi mai magana?"

Ya ce, "Na ce mai subhanallahi. Ya hwara yi mani bayani da Turanci." Ya sa takalmi ɗaya. "Ke kika haihe shi. Kunyar ga taku ta mata, in anka zo da mota ba a tambaya tata."

Ya tafi bai sha furar ba. Goggo ta shanye.

Laraba, 23 ga Afrilu, da asuba

Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa ta katanga. Jiya ta mai sayar da katifa ce.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Na roƙi Humaira ta zuba ruwan kanwa a tukwanen in ta kai abinci. Ta ƙi.

Ta ce, "Inna, in sun mutu wasu zai shuka, ya ce ƙasar Adda na da albarka. Ɗanki na. Baki gare ki, kunne gare shi."

Na ce ba a yi.

Ta ce, "Da ba a yi tsohuwa ta ɗauki hensir ta tahi makaranta, ga ki kina yi."

Yarinyar ga bakinta zai hana ta zaman gidan miji.

Jumma'a, 25 ga Afrilu, bayan isha'i

Dare ya yi amma sai na rubuta.

Maza sun tafi masallaci. Ina wanki bayan ɗaki, ban san Goggo ta shiga zaure da ƙwarya ba. Ko da na fito ta tsinko, ta dafa, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa. Ta cika kwano biyu. Ɗaya nata. Ɗayan ta rufe da faifai, ta ce a miƙa wa Mairama, tunda ba a cin sabon abu a hana maƙwabci, kuma ta ji Isa ya zo hutu, ya ɗanɗana noman abokinai.

Isa. Direban hukuma.

Na ce ni zan kai. Na karɓe kwano na shiga zaure, niyyata in juye shi a kwata. Goggo ta biyo ni da sanda ta tsaya a baya, wai kada in taɓa. Ina ɗaga labulen ƙofa sai ga Mairama tsaye, ta dawo da turmi.

Ta ce, "Mi anka samu? Namu na?"

Baya Goggo, gaba Mairama. Na buɗe faifai, na ce bismillahi, na sa hannu. A tsaye, a zaure, awa mahaukaciya. Loma bayan loma. Ɗaci awa maɗaci. Goggo na cewa, "Ke, na maƙwabta na!" Mairama ta saki baki. Na side kwano, na ce, "Ki yi haƙuri, kwaɗayi ya taso mani." Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "A shekarun ga?" Ta aje turmi ta tafi. Gobe duk Wurno za ta ji bazawarar marigayi na kwaɗayi.

Na ɗauki turmin na koma tsakar gida na zauna a kai. Ina jira in ji na fara dariya, ko in ga bango na tafiya. Ina tunanin ko sallata ta la'asar za ta karɓu. Ina tunanin uwar Khalid a ƙofar gida.

Sai ga shi ya shigo da darduma a kafaɗa, kai ba hula. Ya bi ta gabana zai wuce, yadda ya saba wucewa shekara ashirin da shida.

Na ce, "Haliru."

Ga shi na rubuta. Haka ake rubuta shi, na tambayi Malama tun bara, na ce sunan wani ɗan maƙwabta ne.

Bai juyo nan da nan ba. Ya duba wurin Goggo, ya duba wurin Humaira. Sannan ya dube ni. Dardumar ta zame ta faɗi.

Na ce, "Ka hidda abin ga daga gidan ubanka kahin magariba. Ba rama ba ta, ni da kai mun sani. In sunka zo, ni za su ɗauka. Ƙasata ta, tukwanena na, kuma yanzu kwano guda na cikin cikina."

Ya buɗe baki, na ga Turancin nan na zuwa. Sai ya rufe. Idanunai sunka kawo ruwa. Ashe idanun ubana gare shi, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Ya ce, "To."

Ya ce zai ƙona. Humaira ta ce, "Ƙona mana, duk unguwa ta kwana tana dariya, Isa na gaba." Sai ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya sare ƙanana, ya zuba a masai. Yana yi yana share hanci. Kafin kiran salla ya gama.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Goggo ba ta yi mani magana. Ba don ramar ba, ta ce dama ramar banza ce, ba tsami. Don sunan ne.

Ta ce wa Humaira, "Duniya ta zo ƙarshe. Uwa ta kira ɗan hwari tsakar gida, rana tsaka, kaji na ji. Ni ubanku har ya mutu ban kira nashi ba."

Na ce wa Humaira ta faɗa mata ba ni ba ce, kwaɗon ne ya hau mani kai.

Humaira ta ce, "Inna, Goggo ta ci kwano guda har da suɗi, ba abin da ya same ta sai gyatsa."

Kwaɗon ne. Jiki da jiki ba ɗaya ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, da azahar

Sun zo su uku. Sun tafi su uku.

Litinin ɗin dai, da yamma

Mutanen hukumar su Isa ne sunka zo. Wai an tambayi Khalid abokanai, ya lissafa. Isa bai shigo ba, yana cikin mota ya sunkuyar da kai. Sun iske tukwane da ƙasa, da bututai, da fitilar da ba ta kamawa. Babbansu ya daɗe yana shinshina iska, amma zauren ga sati guda yana shan daddawa da turare.

Ya ce mi anka shuka nan? Kafin kowa ya buɗe baki Goggo ta fito da sanda. Ta ce rama ta, ta Turawa, ita da kanta ta ci, kuma kada su yarda a sayar masu da irin, asarar ƙuli-ƙuli ce kawai. Ta ce in rama suke so ta gaske su bi ta garkar surukarta, duk da tsutsa.

Mutumin ya dubi Goggo, ya dubi yaron, ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, Allah shi ƙara lahiya." Ya ce wa yaron, "Kai kuma ka koma albasa."

Sunka fita. Na zauna nan bakin rijiya har inuwa ta same ni.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan magariba

Mairama ta aiko mani da tsamiya da yaji, wai na masu kwaɗayi. Goggo ta fara amsa gaisuwata da hanci.

Ɗazu na zuba tuwo, na ɗaga kai zan ce wa bango. Sai na ga ya ɗauko kwanon da kainai, bai nufi zaure ba. Ya zo ya zauna bakin ƙofata, a ƙasa, ya naɗe ƙafa. Ya fara ci.

Ban san mi ake ce wa ɗa ba. Shi ma bai san mi ake ce wa uwa ba. Humaira ta tsayar da keke tana kallonmu. Har akuya ta daina tuƙa.

Can na ce, "Zafi ya yi sauƙi yau."

Ya ce, "Ya yi sauƙi ƙwarai."

Gumi na ɗiga daga haɓatai cikin miya. Zafi bai yi sauƙi ba ko kaɗan. Ya ce a ƙara mai tuwo, na ƙara.